Shin ƙwaƙwalwar babban mutum tana yin sabon toho?

A daminar bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana ɗinkin babbar riga da hannu a cikin birnin Zariya. Ya tashi da asuba zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta kasa fita yadda ya saba. Da aka ɗauki hoton kansa a asibiti, likita ya nuna mana wani tabo a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ya ce jijiyar jini ce ta toshe, wurin da take shayarwa kuma ya rasa jini har ya lalace.

A cikin makon farko na ji maganganu biyu waɗanda ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Ƙanwata, wadda take karatun likita a Shika, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, kada ku sa rai da yawa, domin abin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa." Kwana biyu bayan haka wani maƙwabci, mutumin kirki ƙwarai, ya shigo zaure da wata kwalba da ya saya a wurin masu tallar magani a mota da lasifika a gefen kasuwar Sabon Gari. Ya ce mai tallar ya rantse cewa maganin yana tsirar da sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma masana a ƙasashen Turawa sun riga sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa tana sabunta kanta ko da mutum ya kai shekara casa'in. Ni kuwa da nake koyar da kimiyyar halittu a sakandare, shekara da shekaru ina rubuta wa ɗalibai a allo irin maganar da ƙanwata ta faɗa, wato cewa da adadin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ake haihuwar mutum, daga nan sai raguwa. Saboda haka na yi wa maganar maƙwabcin kallon tallar 'yan kasuwa kawai. Amma da na zauna na bi diddigin lamarin cikin watannin jinyar Baffa, sai na tarar cewa ita ma maganar da nake rubutawa a allo tana da gyara, kuma mai lasifikar ya tsinci wani guntun gaskiya ne ya zuba masa gishirin da ya fi miyar yawa.

Ƙwayar da ake magana a kanta ita ce niyuron, wato ƙwayar jijiya mai ɗaukar saƙo. Ƙididdigar da aka fi dogara da ita a yau ita ce ta Suzana Herculano-Houzel 'yar ƙasar Birazil da abokan aikinta, waɗanda a 2009 suka nuna cewa ƙwaƙwalwar baligi tana ɗauke da niyuron kimanin biliyan 86. Kowace ɗaya tana da rassa masu kama saƙo da wani dogon zare mai aika shi, kuma tana iya ƙulla mahaɗa da dubban 'yan'uwanta. Akwai wadda zarenta yake tashi daga ƙashin baya ya tafi har yatsan ƙafa, tsawon da ya kusa mita guda. Fatar jiki tana sabuntawa, shimfiɗar cikin hanji tana sauyawa cikin 'yan kwanaki, jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana 120 a maye gurbinsu, hanta ma idan aka yanke wani sashe nata tana sake girma. Niyuron da ta riga ta nuna kuwa ba ta rabuwa biyu kamar yadda waɗancan suke yi, kuma duk wanda ya taɓa ganin siffarta a madubin likita zai gane dalili, domin abin da ya riga ya miƙa rassa ya sarƙu da dubban makamantansa ba zai tsage gida biyu ba tare da ya warware dukan saƙar ba.

Mutumin da ya fi shahara wajen zana wannan siffa dalla-dalla shi ne Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifaniya, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1906 da Camillo Golgi na Italiya. Shi ne kuma ya yanke hukuncin da ya zauna a littattafan likitanci fiye da rabin ƙarni, cewa a ƙwaƙwalwar baligi hanyoyin jijiya sun kafu sun ƙare, komai yana iya mutuwa, babu abin da yake sake tsirowa. Abin da aka cika mantawa shi ne, a daidai wurin da ya faɗi haka ya ƙara da cewa ya rage wa masanan gaba su sauya wannan hukunci mai tsauri idan sun iya. Almajiransa sun riƙe rabin farko na maganar, suka bar rabin ƙarshe.

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wani mai bincike a cibiyar MIT ta Amurka mai suna Joseph Altman ya wallafa sakamakon da ya ci karo da hukuncin Cajal. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu dole ta fara kwafar DNA ɗinta, wato zaren da yake ɗauke da bayanan gadonta, saboda haka idan aka yi wa dabba allurar wani tubali na DNA da aka sa wa alama, ƙwayoyin da aka haifa bayan allurar ne kaɗai za su ɗauki alamar. Ya yi wa manyan ɓeraye wannan allura, ya yanka ƙwaƙwalwarsu, ya ga alamar a cikin ƙwayoyin da suka yi kama da niyuron. A 1965 shi da Gopal Das suka nuna cewa abin ya fi yawa a wani sashe da ake kira hifokamfus. Manyan fannin suka yi masa kallon hadarin kaji. Michael Kaplan ya maimaita aikin a 1977 da na'urar da ta fi ƙarfin gani, shi ma aka yi kunnen uwar shegu da shi. Da Pasko Rakic na Jami'ar Yale, wanda maganarsa take da nauyi ƙwarai a fannin, ya bincika birai a 1985 ya ce bai ga sabuwar niyuron ko ɗaya a manyansu ba, sai aka ɗauka an rufe babin. Sai a 2011 Altman ya karɓi babbar lambar yabo a Sifaniya saboda aikin da ya yi kusan shekara hamsin kafin nan, ya rasu a 2016.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan shi ne cewa tsuntsu ne ya sake buɗe ƙofar, kuma tsuntsun da muka sani, wato kanari, dangin wanda samari suke ratayewa a keji a ƙofar shago a Tudun Wada. Fernando Nottebohm, haifaffen Ajantina da yake aiki a Jami'ar Rockefeller a birnin New York, ya lura cewa namijin kanari yana sauya waƙarsa shekara-shekara, kuma sassan ƙwaƙwalwarsa masu kula da waƙa suna kumbura a lokacin barbara, su tsuke idan lokacin ya wuce. A 1983 shi da Steven Goldman suka nuna cewa ana haihuwar sababbin ƙwayoyi a wannan sashe na babban tsuntsu, shekara guda bayan haka kuma aka tabbatar cewa ƙwayoyin niyuron ne na gaske, domin suna amsa sauti da tartsatsin lantarki kamar tsofaffin. Wannan hujja ta fi ƙarfin musu, sai masu musun suka koma cewa ai tsuntsu daban, mai shayarwa daban. A shekarun 1990 wannan mafaka ma ta rushe, lokacin da Elizabeth Gould ta nuna abin a ɓeraye da wasu ƙananan birai, ta kuma nuna cewa tsoro da matsin rai suna rage shi. A ɗakin binciken Fred Gage a cibiyar Salk ta Kalifoniya aka gano a 1997 cewa ɓerayen da aka sa a keji mai faɗi da kayan wasa da abokai sun fi na kejin kaɗaici yawan sababbin ƙwayoyi, a 1999 kuma aka ga cewa gudu a kan ƙaramar taya yana kusan ninka su biyu. Daga nan ne duk maganar da ake yawo da ita a wayoyi ta samo asali, cewa motsa jiki yana haifar da sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ce, amma a jikin ɓera aka ƙidaya ta.

Ya kamata a tsaya a kan hifokamfus kaɗan, tunda kusan duk gardamar a kansa take. Wani lanƙwasasshen nama ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, guda a dama guda a hagu, can ciki daura da kunne, kuma tsofaffin masana sun kamanta shi da ƙahon rago. Aikinsa ya fito fili ta hanyar wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison, wanda a 1953 aka cire masa mafi yawan wannan sashe a ɓangarorin biyu domin a magance masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, hankalinsa da maganarsa suna nan, yana tuna ƙuruciyarsa, amma daga ranar har ya rasu a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abu a ransa ba, ta yadda masu binciken da suka yi shekaru suna zama da shi sai sun sake gabatar masa da kansu. Ke nan ta wannan ƙofa sabon abin da mutum ya gani ko ya ji yake shiga kafin ya zama abin tunawa. A cikin hifokamfus ɗin ma, wani siririn layi ne guda ɗaya ake cewa yana samun sababbin ƙwayoyi, ba dukansa ba.

Matsalar ɗan Adam ita ce ba a yi masa abin da ake yi wa ɓera. Ba wanda zai yi wa lafiyayyen mutum allurar alama sannan ya buɗe kansa bayan wata guda. Saboda haka duk hujjar da aka samu a kan mutum, ta bayan gida aka shigo da ita. Ta farko ta zo a 1998 daga Peter Eriksson na birnin Gothenburg a Suwidin tare da Gage. Akwai masu ciwon daji da likitoci suka yi wa allurar wani sinadari mai suna BrdU domin a auna saurin girman ƙarin da yake jikinsu, sinadarin kuwa yana shiga DNA na duk ƙwayar da take rabuwa. Mutum biyar daga cikinsu, masu shekara 57 zuwa 72, sun amince a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun rasu, kuma a dukansu an ga niyuron masu ɗauke da alamar a hifokamfus. Mutum biyar ba su da yawa, marasa lafiya ne kuma, sannan an daina yi wa mutane wannan allura, don haka ba a sami damar maimaita gwajin yadda ake so ba.

Hujja ta biyu ita ce ta fi taɓa ni, domin tana da alaƙa da tarihinmu. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963 manyan ƙasashe, musamman Amurka da Tarayyar Sobiyet, sun yi ta tayar da bama-baman nukiliya a sararin sama. Faransa ma ta yi nata a Reggane cikin hamadar Aljeriya, na farko a ranar 13 ga Fabrairu 1960, abin da ya fusata ƙasashen da iskar hunturu take kawo wa ƙurar Sahara, har gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961. Waɗannan gwaje-gwaje sun kusan ninka yawan wani nau'in sinadari mai suna kabon 14 a iskar duniya, kuma bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwaji a sarari, sai adadin ya riƙa sauka a hankali shekara bayan shekara. Dawa da gero da masara sun shaƙi wannan kabon, mutane suka ci tuwonsu, kabon ɗin ya shiga DNA na duk ƙwayar da aka haifa a jikinsu a wannan shekara. Tunda DNA na ƙwaya ba ya sauyawa bayan an ƙera shi, yawan kabon 14 da yake cikinsa ya zama tamkar takardar haihuwa. Baffa, da aka haifa kafin a fara waɗannan gwaje-gwaje, yana ɗauke da wannan hatimi a jikinsa ba tare da ya sani ba, ni ma haka, mai karatu ma haka.

Kirsty Spalding da Jonas Frisén na cibiyar Karolinska a Suwidin su ne suka yi tunanin karanta wannan takarda. Da suka duba niyuron na ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar waje mai kula da tunani da magana da motsi, sai suka tarar shekarunsu ɗaya da mai su, babu sabo a ciki. Amma da suka duba hifokamfus na mutum fiye da 50, suka wallafa a 2013 cewa mutanen da aka haifa tun kafin bama-baman suna da kabon 14 fiye da na shekarar haihuwarsu, wanda ba zai yiwu ba sai idan an haifi wasu ƙwayoyin daga baya. Lissafinsu ya ba da kimanin sababbin niyuron 700 a kowace rana a kowane hifokamfus. Wannan adadi ne ya zagaye duniya, kuma ina kyautata zaton jikansa ne ya iso kasuwar Sabon Gari a bakin mai lasifika.

Tsugune ba ta ƙare ba. A watan Maris na 2018 Shawn Sorrells da Arturo Alvarez-Buylla na Jami'ar Kalifoniya a San Francisco suka wallafa a mujallar Nature cewa sun duba samfuri 59, wasu daga gawa, wasu daga tiyatar masu farfaɗiya, suka ga jariran niyuron da yawa a ƙwaƙwalwar jarirai, suka ga sun ragu ƙwarai a shekarun farko, suka ga 'yan ƙalilan a ɗan shekara 13, a manya kuwa ba su ga ko ɗaya ba. Alvarez-Buylla ba maƙiyin ra'ayin ba ne, domin a hannun Nottebohm mai kanari ya yi karatu, da shi aka raba lambar yabon da Altman ya karɓa, kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar dabbobi. Idan irinsa ya ce ya nema bai gani ba, dole a saurara. Bayan wata guda kacal, Maura Boldrini ta Jami'ar Columbia ta fito da nazarin mutum 28 masu shekara 14 zuwa 79, ta ce ta ga dubban jariran niyuron har a tsofaffi. Ƙungiyoyi biyu na ƙwararru suka kalli abu ɗaya a shekara ɗaya, kowacce ta dawo da kishiyar labarin ɗayar.

Da farko wannan ya sa na ji kamar in ajiye karatun, amma bayanin da ya biyo baya ya nuna mini inda gizo yake saƙa. Ba a gane jaririyar niyuron da ido kawai, sai an shafa wa naman wani rini da yake kama wani furotin da ƙwayar take yi lokacin ƙuruciyarta. Wannan furotin yana lalacewa da sauri bayan mutuwa. Ƙwaƙwalwar ɓera ana adana ta cikin mintuna, ta mutum kuwa tana iya yin sa'o'i masu yawa kafin a kai gare ta, sannan a jiƙa ta a fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, wata da watanni. A 2019 María Llorens-Martín da abokan aikinta a Madrid suka nuna cewa idan naman ya wuce sa'a 12 a cikin ruwan adanawa, alamar tana dusashewa har ta ɓace. Da suka yi amfani da samfuran da aka kula da su sosai, sun ga dubban ƙwayoyi masu alamar ƙuruciya a lafiyayyun mutane 13 masu shekara 43 zuwa 87, suka ga kuma adadin yana faɗuwa sosai a masu cutar Alzheimer, wadda take cikin abin da muke kira gigin tsufa. Masu shakka ba su sallama ba. Suka ce ƙwaya ta ɗauki alamar ƙuruciya ba ya nufin jiya aka haife ta, domin tana iya kasancewa tun yarinta take nan ba ta gama nuna ba, kuma idan da gaske ana haihuwa, to a nuna musu iyayen da suke haihuwar. A watan Yulin 2025 ƙungiyar Frisén ta amsa wannan ƙalubale a mujallar Science, inda suka tace ɗaruruwan dubban ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya daga mutane tun jarirai har masu shekara 78, suka ce sun sami uwayen ƙwayoyin suna cikin rabuwa a hifokamfus na manya. Sai dai sun ƙara da cewa bambancin da yake tsakanin mutane babba ne, wasu suna da su da dama, wasu kuwa da ƙyar ake ganin ko ɗaya.

Akwai wani abu da na lura da shi a gefe. Kusan duk waɗannan samfura daga Turai da Amurka da Sin suka fito. Mu a nan idan mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma da wuya dangi su yarda a taɓa gawa, ni ma kuwa ban ce zan yarda a taɓa ta mahaifina ba. Sakamakon haka shi ne, duk abin da ake faɗa game da ƙwaƙwalwar tsohon da ya yi rayuwarsa a kan tuwon dawa da tafiyar ƙafa da zazzaɓin cizon sauro da tilawar asuba, daga ƙwaƙwalwar wasu mutane aka aro shi.

Idan aka tambaye ni inda na tsaya bayan duk wannan, zan ce hujjar masu cewa ana haihuwa ta fi nauyi, domin hanyoyi daban-daban har huɗu, waɗanda kowacce take da nata rauni na daban, sun nuna wuri ɗaya. Amma abin da suka nuna ɗan kaɗan ne, a lungu ɗaya, kuma ba daidai yake a kowa ba. A ɗauki adadin Frisén yadda yake, 700 a dama da 700 a hagu, wato 1,400 a rana, kimanin rabin miliyan a shekara. Ko an tara na shekara 60 bai wuce miliyan 30 da ɗoriya ba, a gaban biliyan 86, kuma a daidai lokacin wasu suna mutuwa a wurin, don haka musanya ce ake yi, ba ƙari ba. A ɗaya gefen, wani likitan jijiya a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiyar jini ta toshe ba a buɗe ta ba, ana asarar niyuron kimanin miliyan 1.9 a kowane minti. Da na raba wannan da wancan a bayan littafin darasina, sai na ga cewa abin da minti ɗaya yake cinyewa ya kai abin da hifokamfus zai haifa a shekara uku da rabi da ɗoriya, kuma ba ma a wurin da aka yi asarar yake haifar su ba. Tabon Baffa yana ɓangaren da yake sarrafa hannu da harshe, inda kabon 14 ya nuna babu sabon toho. A kan wannan ƙanwata ta yi gaskiya, kuma babu wata kwalba da aka taɓa nuna cewa tana sauya wannan lissafi.

Sai dai tambaya ta taso: idan haka ne, me ya sa Baffa, wanda a makon farko ba ya iya cewa "ruwa", yanzu yake jan carbi da hannun dama yana kuma yi wa jikokinsa faɗa da cikakkiyar murya? Amsar ba ta buƙatar sabuwar ƙwaya ko ɗaya. Niyuron da suka tsira suna miƙa sababbin rassa, mahaɗar da ake yawan bi tana ƙarfafa, wadda aka daina bi tana shuɗewa, sassan da suke maƙwabtaka da tabon suna karɓar wani abu daga aikin wanda ya mutu. Wanda ya san cikin birnin Zariya ya san cewa idan gini ya faɗi ya toshe lungu a damina, mutane ba sa daina zuwa masallaci, sai su ratsa ta wani lungun, kuma kafin kaka sawu ya mayar da shi hanya. Wannan sauyi ya fi sauri a watannin farko bayan ciwon, kuma maimaici ne yake tuƙa shi, shi ya sa ma'aikatan gashin ƙashi suke nacewa a ɗaga hannun, a matsa ƙwallon, a sake furta kalmar sau ɗari ko da majiyyaci ya gaji ya yi fushi. Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, bayan hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun aiki. Hoton ƙwaƙwalwa ba ya iya nuna ko ƙwayoyi ne suka ƙaru ko rassa, amma ya nuna cewa naman kan baligi yana sauya siffa gwargwadon abin da aka sa shi. Hausawa da suka ce gemu ba ya hana ilimi ba su jira wannan hoton ba, ko da yake su ne kuma suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ga alama ƙwaƙwalwa ta gaskata su duka biyun.

Me sababbin ƙwayoyin suke yi ke nan, idan suna nan? A ɓeraye an ga cewa idan aka hana haihuwarsu, dabbar tana shan wahalar bambance wurare biyu da suka yi kama da juna ƙwarai. Duk wanda ya zauna da mahaddata ya san cewa ba doguwar aya ce take kayar da gardi ba, aya ce mai kama da 'yar'uwarta a wata sura, wadda harafi ɗaya ya raba su, kuma na kan yi tunanin ko irin wannan aiki ne ɗan siririn layin yake taimakawa a kai, ko da yake wannan tunanina ne kawai. An kuma ga wani abu da ba a zata ba. A 2014 ɗakin binciken Paul Frankland a Toronto ya nuna cewa idan aka ƙara yawan sababbin ƙwayoyi a ɓera bayan ya koyi abu, yana saurin mance abin, domin baƙin suna kutsawa cikin tsohuwar saƙa suna sauya ta, kuma sun kawo shawarar cewa wataƙila shi ya sa ba wanda yake tuna shekarunsa biyu na farko a duniya, lokacin da haihuwar ƙwayoyin take kan ganiyarta. Rakic tun da daɗewa yake cewa halittar da za ta riƙe abin da ta koya shekara saba'in ko tamanin tana buƙatar ƙwayoyin da ba a taɓa su. Ke nan ko da a ce kwalbar maƙwabcinmu tana yin abin da aka ce tana yi, ba lallai ne alheri ta kawo wa mai ɗinkin da zanen aska takwas yake zaune a kansa tun yana saurayi ba.

Na gyara abin da nake rubutawa a allo. Yanzu ina cewa kusan dukan niyuron na mutum tun kafin haihuwa da farkon ƙuruciya ake yin su kuma ba a maye gurbinsu, sai dai akwai hujja mai ƙarfi cewa wani ɗan sashe na hifokamfus yana ci gaba da samun sababbi, masana kuma suna gardama a kan yawansu. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wanne za mu rubuta a jarrabawa?" Na ce ya rubuta abin da yake littafin manhaja, amma ya riƙe ɗayan a kansa.

Baffa yana shan maganin hawan jininsa yanzu ba fashi, abin da a da sai an yi da gaske, kuma ƙanwata tana zuwa duk Juma'a ta auna shi. Kwalbar tana nan a kan taga ba a buɗe ba, domin ya ce ba zai zubar da kyautar maƙwabci ba. A makon jiya na same shi a zaure da ƙyallen shadda a cinya, jikansa ya zura masa zare a allura, yana bin layin wani tsohon zane a hankali. Ɗinkin ya karkace, ƙaramin yatsansa da na kusa da shi har yanzu a naɗe suke ba sa motsi, kuma abin da a da yake gamawa kafin a kira la'asar yanzu ya kwana uku a kansa. Na ce, "Baffa, hannu ya fara dawowa." Bai ɗago ba, ya ce, "Ba dawowa ya yi ba, ɗana, wani hannun ne nake koya wa ɗinki," sannan ya ce in matsa daga bakin ƙofa domin ina tare masa haske.